Na sayi kujeru koren zaitun, maigida ya ce na mayar masa da falo barikin soja

Assalamu alaikum Anti. Damuwata wasu za su ga ƙarama ce, amma ni ta hana ni sukuni. Shekarata biyar da aure. Na daɗe ina tara kuɗi daga 'yar sana'ata don in sauya kujerun falonmu da suka tsufa. Da kuɗin suka cika sai na zaɓi saiti mai launin koren zaitun, wanda na jima ina sha'awa. Maigidana ya yi tafiya a lokacin, na so in yi masa bazata. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wannan falo ne ko barikin soja?" Daga baya ma ya ce shi bai ga wani kore ba, ruwan ƙasa ne mai kama da datti. Gaskiya ni ma in na duba da daddare sai in ga ba su yi kyan da suka yi a shago ba. Bangonmu fari ne fat, tayil ruwan toka, ƙwayayen lantarkin farare masu haske sosai. Yayarsa ta ji labari ta aiko mini da labule ja wur mai ƙyalli, ta ce zai tayar da falon. Na rataya, abin ya ƙara muni, na cire na ninke, yanzu kuma tana tambayar ina labulenta. Bayan wannan, na ɗinka doguwar riga mai irin launin, ƙawata ta ce kamar na tashi daga jinya. Yanzu ko mayafi zan saya sai na tambayi wani. In sayar da kujerun in haƙura da asara? In mayar da labulen Yaya don a zauna lafiya? Wane launi ne ma yake shiga da koren zaitun?

Ƙanwarki, maman yara biyu

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki sayar da kujerun nan tukuna. Na fara da wannan ne don na san mai ɓacin rai da gaggawa, kar in tsaya dogon bayani ki riga ki kira dillali. Kuma ki daina cewa damuwarki ƙarama ce. Mace ta yi wata da watanni tana tsimi, tana hana kanta abin da ranta ke so, ta gyara falo ta tsaya jiran murmushin mijinta, sai ta ji zancen bariki. Ko wace ce sai ta ji zafi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne inda kika ce yanzu ko mayafi ba kya iya saye sai kin tambayi wani. Mutum uku sun yi magana, kin tattara idonki kin miƙa musu. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma naki bai yi miki ƙarya ba ranar da kika ga kujerun a shago kika ji sun kwanta miki. Launin da kika zaɓa yana cikin waɗanda masu ado da masu tsara ɗakuna ke ji da su. Yana da hali ne kawai, kuma ba wanda ya gaya miki halin nasa kafin ki shigo da shi gida.

Muna ce masa kore, amma da za ki ba mai zane fenti rawaya ki ce ya ɗiga masa baƙi kaɗan ya juya, koren zaitun zai fito ba tare da ya taɓa kwalbar koren fenti ba. A kwamfuta ma lissafin haka yake: launin da ake kira zaitun a shafukan intanet ja ne 128, kore 128, shuɗi 0, wato rawaya ce da aka rage wa haske da rabi. Ke nan a kan iyaka yake zaune, ƙafa ɗaya a gidan kore, ɗaya a gidan rawaya, yana kuma leƙen gidan ruwan ƙasa. Duk inda maƙwabci ya ture shi, can yake karkata.

Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Eugène Chevreul, ya sha fama da irin matsalarki. A 1824 aka ba shi shugabancin sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Paris, inda ake saƙa manyan dardumomin rataya a bango. Ƙorafi ya riƙa zuwa masa cewa baƙin zaren da ake rinawa ba shi da ƙarfi. Ya gwada zaren ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau. Ashe idan aka saƙa baƙin kusa da shuɗi ko shunayya ne ido ke ganin ya sauya. Ya yi shekaru yana bin diddigin abin, a 1839 ya fitar da littafi a kai, kuma abin da ya gano a taƙaice shi ne launi biyu in suka haɗa kafaɗa, kowanne yana sauya yadda ake ganin ɗan uwansa. Mu da muke cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai mun riga shi sani, a kan mutane dai muka tsaya.

To dubi waɗanda kika zaunar da kujerunki a tsakaninsu. Bango fari fat, ƙasa ruwan toka, sama farin ƙwai mai ɗauke ido. Dukansu masu sanyi ne, suna jan shuɗi-shuɗi, shi kuwa zaitun ɗumi gare shi saboda rawayar nan da ke cikinsa. Farin bango yana ƙara wa duk abin da ke gabansa duhu, farin ƙwan kuma ya kashe ɗumin, sai a bar ki da wani abu tsakanin toka da laka. Masu shagon kayan ɗaki sun san sirrin fitila, sun san abin da za su jera kusa da me. Kujerun da kika gani can su ne a gidanki, maƙwabta ne suka sauya.

Saboda haka ki fara da mafi sauƙi, wato ƙwan lantarki. A jikin kwalinsa akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. 6500K shi ne fari mai jan shuɗi, kuma ina kyautata zaton shi ne a silin ɗinki. 2700K shi ne mai jan rawaya irin na tsofaffin ƙwayaye, 4000K kuma tsaka-tsaki. Ki nemi 3000K guda ɗaya ko biyu ki gwada. Na ce ki gwada ne saboda zaitun iri-iri ne. Wanda dama ya karkata wajen ruwan ƙasa, in aka haska shi da ƙwai mai rawaya sosai sai ya tafi gaba ɗaya, koren ya ɓace. Irin wannan ya fi son 3500K ko 4000K. Akwai wata lambar kuma da ake rubuta CRI kusa da ita, wadda ke nuna yadda ƙwan ke fito da launin abu na gaskiya. Iyakarta 100, ki ɗauki 90 ko sama da haka. Sannan kada ki bar hasken duka ya sauko daga silin. Fitilar tsaye guda ɗaya a lungu, ko ƙarama a kan teburin gefe, ita ke sa yadin kujera ya nuna zurfinsa da daddare.

Sai bango. In da hali, a raba shi da fari fat a koma ruwan madara, ko fari mai ɗan jan ƙasa irin na ɗanyen zaren auduga. Kada ki yanke hukunci da ɗan katin nan na mai fenti, wanda bai kai tafin hannu ba. Ki karɓi kaɗan ki shafa a faffaɗan kwali, ki bari ya bushe sosai, ki jingina shi a bayan doguwar kujera, ki duba da hantsi, ki duba da la'asar, ki sake dubawa bayan an kunna fitila. In gidan haya ne ba a yarda da fenti ba, labule mai faɗi ruwan madara, tun daga kusa da silin har ƙasa, zai rufe miki kaso mai yawa na farin. Tayil kuwa kafet ne maganinsa, ruwan madara ko ruwan yashi, kuma ya yi girman da ƙafafun gaba na kujerun za su hau kansa. Ƙaramin kafet a tsakiyar falo ba abin da yake hanawa, tokar za ta ci gaba da taɓa kujerun ta ko'ina.

Mu zo kan maigida. Maganarsa ta yi kaifi, kuma ba ita ce ta dace ta fara fita daga bakin wanda aka yi wa gyara don a faranta masa ba. Wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai zancen bariki ba daga sama ya faɗo masa ba. Fiye da shekara ɗari ke nan sojojin duniya suna fakewa a bayan wannan dangin launi, saboda yana sajewa da ƙasa da ciyawa. Kalmar kaki ma da muke faɗa daga Farisanci ta samo asali, tana nufin turɓaya, kuma wata runduna da Ingila ta kafa a Indiya ce ta fara sa tufafin a ƙarshen shekarun 1840. Sojojin Amurka sun yi Yaƙin Duniya na Biyu da motoci da kayan sawa masu koren zaitun marar ƙyalli, a 1952 kuma suka fito da tufafin aiki masu irin wannan launi, masu lamba OG-107, waɗanda suka ci gaba da sawa har 1989. Namijin da ya taso yana kallon labarai da finafinai, idonsa ya riga ya ɗaure launin da tanti da motar yaƙi. Da ya gan shi a tsakanin toka da farin bango, ba katako, ba laushi, ba abin da ke sheƙi, sai tunaninsa ya tafi inda ya saba. Soja ba ya rataya labule mai taushi, ba ya ajiye tagulla a kan tebur, ba ya jingina da filo ruwan hoda. Da zarar waɗannan sun shigo, barikin ya watse.

Maganarsa ta biyu kuma, cewa shi ruwan ƙasa yake gani, kada ki ɗauke ta a cin fuska kai tsaye. Ya fi yiwuwa laifin ƙwan ne, tunda ke ma da daddare kina ganin sun dushe. Amma akwai wani abu da ya kamata ki sani. A cikin mutanen arewacin Turai, kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar rarrabe ja da kore, mata kuwa kusan 1 cikin 200. A wasu al'ummomin adadin bai kai haka ba, sai dai ko'ina maza sun fi yawa, kuma ta wajen uwa namiji ke gadonta. Kore mai duhu da ruwan ƙasa suna cikin launukan da suka fi rikita masu wannan hali, kuma da yawa suna tsufa ba su san suna da shi ba. In kin lura kun sha gardama a kan launin riga ko na mota, asibitin ido suna da gwaji na 'yan mintuna, wanda wani likita ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917: ɗigo-ɗigo ne masu launi da lamba ɓoye a tsakiya. Don Allah kada ki ɗauki wannan bayani ki mayar da shi makami, ki ce masa ai dama kai ba ka gani. Na faɗa miki ne don ki san mai yiwuwa gaskiyar abin da idonsa ya ba shi ya faɗa.

Ke ma akwai naki. Falo nasa ne kamar yadda yake naki, a nan yake hutawa, a nan yake karɓar baƙinsa. Ya dawo daga tafiya a gajiye ya tarar an sauya masa wurin zama ba a ko tambaye shi ba. Bazata tana daɗi a ƙaramin abu, amma abin da mutum zai zauna a kai shekaru yana son a ji ta bakinsa. Wataƙila ma akwai ɗan sosuwar rai da bai faɗa ba, ganin kin yi da kuɗinki abin da yake ganin shi ya kamata ya yi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ki nemi lokacin da ya natsu, ba yara ba baƙi, ki ce masa wani abu kamar haka: "Na yi kuskure da ban shawarce ka ba, so na yi in faranta maka. Amma maganar barikin nan ta ɓata mini rai, don na daɗe ina tara kuɗin. Ka taya ni mu ƙarasa gyaran tare." Ki faɗi duka biyun, naki kuskuren da naki ciwon, kar ki haɗiye ɗaya. Bayan nan ki kawo masa ƙyallaye uku, waɗanda duk wanda ya ɗauka kin yarda da shi, ki shimfiɗa su a kan kujera ki ce ya zaɓa. Wanda ya sa hannu a zaɓen labule da wuya ya kushe falon a gaban mutane.

Waɗanne ƙyallaye ke nan? In kina son malami, nemi hoton bishiyar zaitun kanta. Ganyenta kore ne mai duhu ta sama, bayansa kuma toka-toka mai sheƙin azurfa. 'Ya'yanta suna farawa koraye, su koma shunayya, su ƙare baƙi. Ga kututture ruwan ƙasa. Duk launin da kika gani a jikinta yana zama lafiya da kujerunki, har tokar ma, in dai mai laushi ce kuma kaɗan, ba shimfiɗar tayil daga bango zuwa bango ba.

Masu zane suna da da'irar launuka da suke aiki da ita. Masanin kimiyya ɗan Ingila Isaac Newton ne ya jera launukan haske a da'ira a littafinsa na 1704, masu fenti suka ɗauka suka gyara ta yadda za ta yi musu aiki. A cikinta kowane launi yana da kishiya a ɗaya gefen, kuma irin kishiyar nan ce da ke ƙara wa abokiyar zamanta kyau. Kishiyar kore mai jan rawaya ita ce ja mai jan shunayya. Shi ya sa ruwan hanta da ruwan malmo suke fito da zaitun fiye da kowane launi, su sa koren da ke ɓoye a cikinsa ya bayyana. In aka tsarma su da fari sai a sami ruwan hoda mai laushi, wanda kamar an ɗan barbaɗa masa ƙura. Ni a son raina, zaitun da ruwan madara da irin wannan ruwan hodar babu haɗin da ya kai su kwantar da ido. Amma na san maza da yawa za su yamutsa fuska, don haka ki sa ruwan hanta cikin ukun da za ki nuna masa.

Akwai kuma danginsa na jini: ruwan ɗorawa mai duhu, ruwan zuma, jan tukunyar ƙasa, fata ruwan ƙasa, da katako kowane iri. Waɗannan ba sa faɗa da shi ko kaɗan, suna ƙara wa ɗaki ɗumi. Haɗarinsu shi ne yawa. A Amurka a shekarun 1970 an yi yayin firji da murhu masu koren fiya, ɗan uwan zaitun na kusa, ana tara su da ruwan gwal da ruwan lemo da ruwan ƙasa a ɗaki guda. Da yayin ya wuce, wannan haɗi ya zama abin da ake nuna tsohon yayi da shi. Ɗauki ɗaya daga cikinsu, ki bar sauran. Shuɗi mai duhu irin na rinin baba shi ma yana shiga, yana ba falo kwarjini, amma tunda su biyun duk masu duhu ne sai an wadata su da ruwan madara, in ba haka ba ɗakin ya yi nauyi. Baƙi ya tsaya a siraran abubuwa kamar ƙafar fitila ko firam ɗin madubi. A ƙarfe kuwa tagulla da ruwan gwal marar ƙyalli sosai sun fi farin ƙarfe mai walƙiya, wanda zai mayar da ke gidan sanyin da kike son fita.

Abin da za ki riƙe a kasuwa, in kin manta duk wannan, shi ne zaitun ƙasa-ƙasa yake magana. Duk launin da ke ihu, kore shar ne, ja wur ne, shuɗi mai ɗauke ido ne, in ya zauna kusa da shi sai ya danne shi, ya bar shi kamar wanda ya koɗe. Ki nemi launin da aka ɗan karya wa ƙarfi. Wajen rabo kuma masu tsara ɗaki suna da wani ƙiyasi da suke kira 60, 30, 10: kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama launi mai natsuwa, wato bango da labule da kafet, kashi 30 launi na biyu, a wajenki kujerun ke nan, kashi 10 kuma mai tayar da ido, a filalluka da tukunyar fure da makamantansu. Ba doka ba ce, ba wanda zai zo da ma'auni, amma tana hana mutum zarcewa.

Wannan ya kawo mu kan Yaya. Ki lura, rabin shawararta daidai ne. Ta ga falo ya yi sanyi, ta ce yana son ja, kuma ja ɗin yana ɓangaren kishiyar da muka faɗa. Inda aka kuskure shi ne ƙarfin jan da yawansa. Abin da ya kamata ya tsaya a kashi 10 ya zo ya mamaye bango guda, ga ƙyalli, sai aka sami sarki biyu a gari ɗaya. Kada ki mayar da labulen falo don kunya, domin kullum kika shiga ranki zai ɓaci, kuma a hankali ɓacin ran ya koma kanta alhali alheri ta yi nufi. Kada kuma ki ci gaba da kame-kame in ta tambaya, shiru ya fi maganar ciwo a irin wannan. Ki duba ko akwai ɗakin da zai karɓe shi, wanda kayansa farare ne ko ruwan madara, ki rataya a can, in ta zo ki kai ta ta gani da idonta. In babu, ki kira ta da kanki ki ce, "Yaya, na gode ƙwarai da labulen nan, kuma kin yi gaskiya falon yana son ja. Na gwada na ga ya fi ƙarfin kujerun. In kin amince zan sa tela ya fitar mini da rigunan filo biyu a ciki, ragowar in adana." Ki nemi izininta kafin almakashi ya taɓa shi, kyauta ce. Ja wur a filo biyu, tsakanin wasu masu ruwan madara, ido zai iya ɗauka. Wata za ta ce miki ki rina shi ya yi duhu. Ki duba yadin tukuna, don irin masu ƙyallin nan yawanci zaren roba ne, kuma rinin da ake yi wa auduga ba ya kama su. In kina ganin maganar za ta fi sauƙi ta bakin ƙaninta, ki sa shi ya share miki hanya, amma godiyar ta fito daga bakinki.

Rigar kuma, dokar Chevreul ce dai ta biyo ki har gaban madubi, sai dai a nan fuskarki ce maƙwabciyar. Yadin da ke kusa da haɓa yana mayar da haskensa kan fata. Wadda fatarta ke da ɗumi, mai jan ja ko jan zinariya, zaitun yakan haska ta, musamman in fatar mai duhu ce. Wadda tata ke ɗan jan rawaya-rawaya ko toka-toka, yana iya ƙara mata wannan, sai a ga kamar ba ta da lafiya. Mai yiwuwa ƙawarki gaskiya ta gani a ranar, ta dai rasa lafazi. Maganin ba jefar da riga ba ne, raba ta da fuska za ki yi. Ki sa mayafi ko ɗankwali ruwan madara, ko ruwan hoda mai laushi, ko ruwan hanta, ya shiga tsakani. Ki tsaya da madubi kusa da taga da rana, fuska ba kwalliya, ki riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin haɓarki. Wanda ya karɓe ki za ki ga idonki ya yi haske, duhun ƙasan ido ya ragu. Wanda bai karɓe ki ba ma ba sai an gaya miki ba. Sarƙa da 'yan kunne masu ruwan gwal sun fi azurfa a kansa, jaka da takalmi kuma fata ruwan ƙasa ko ruwan zuma. Ki guji haɗa shi da kaki da baƙin takalmi mai nauyi, kar maigida ya sake samun abin faɗa. Nan gaba in za ki sake saye, ki sani yadin ma yana da tasiri: zaitun a siliki ko karammiski yana kama haske ya yi zurfi, a busasshiyar auduga mai kauri kuma ya fi tuna wa mutane kayan aiki. In kin gwada duka kin ga bai karɓi fuskarki ba, ki mayar da shi ƙasa, a siket ko jaka ko takalmi, inda ba ruwansa da fatarki.

Zai iya yiwuwa ki sauya ƙwai, ki kawo labule da kafet, maigida ya ce har yanzu shi dai bai kwanta masa ba. Ko a nan ma sayarwa ce ta ƙarshe, don kujera da zarar ta kwana a gidan wani ta zama ta hannu, ba za ki mayar da kuɗinki ba. Akwai rigar kujera da ake ɗinkawa a cire a wanke. Ki bar doguwar a zaitun ɗinta, ki yi wa ƙananan biyu riga ruwan madara ko ruwan zuma, koren ya ragu da kusan rabi, kuma da yara biyu a gida rigar za ta yi miki wani amfanin. Shi ya sami sauƙin ido, ke kuma ba a kore zaɓinki daga falonki ba. Ku ba abin wata guda kafin ku yanke hukunci, ido yana bukatar sabo, sannan kada ki sayi komai a rana ɗaya. Ƙwai tukuna, sai labule, sai kafet, filalluka a ƙarshe, kina dubawa a kowane mataki.

In kujerun sun zo da ƙaramin filo mai irin yadinsu, ki zare rigarsa ki jefa a jaka duk ranar da za ki kasuwa, ki riƙa kara ta da yadin da kike so a bakin ƙofar shago inda hasken rana yake. Mayafin da zai shiga da rigar nan kuma ina so ki je ke kaɗai ki zaɓo shi, ba ƙawa, ba tura hoto a waya ana tambaya. In kin sauya ƙwan, ki rubuto mini ki gaya mini launin da maigida ya ce yana gani.